Wakafin Baba: Sai Mun Je Gaban Alƙali Kafin Mu Taɓa Shi?

Assalamu alaikum Malam. Daga Gusau nake rubuto maka. Shekara 14 da suka wuce mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi wakafin gidansa na haya mai ɗaki 8 da shago 3 a nan cikin gari, tare da gonarsa ta ƙauyenmu na asali. Wani malami amininsa ne ya rubuta takardar da Larabci, mutum uku suka yi shaida. An rubuta cewa ba a sayarwa, ba a raba gado. Abin da ya shigo a yi wa 'ya'yansa da jikokinsa hidimar karatu, a riƙa ba matansa biyu na cefane muddin ransu. Ni ya ɗora wa kulawa, alhali ba ni ne babba ba. Tun yana da lafiyarsa ya miƙa mini makullai da littafin haya, ya ƙara shekara 3 a duniya bai sake karɓar ko kwabo ba.

Yanzu damina 6 ke nan ba mu taka gonar ba saboda 'yan bindiga. Gidan kuma rufin sashe guda ya zauna, 'yan haya uku sun tashi. Yayanmu ya samo mai sayen gonar, yana so a sayar a gyara gida, sauran kuɗin a raba tunda kowa na cikin matsi. Ya ce mu manya mu sa hannu gaban mai unguwa, shi ke nan. Baffanmu ya ce duk wanda ya taɓa wakafi ya ɗauki zunubi, har aya ya jawo. Ƙannenmu mata su ma sun taso: me ya sa 'ya'yansu ba sa cikin kuɗin makaranta? Ni kuwa haka malamin ya gaya mini kafin ya rasu, wai jikoki ta wajen maza ake nufi. Akwai kuma marayu huɗu na ƙanenmu marigayi. Wani lauya ya ce sai kotu ta amince kafin a sauya komai. Yaya ya ce ranar da na kai maganar gidanmu kotu, ba shi ba ni. Malam, barci ya ƙaurace mini.

Ɗan'uwanka a Gusau

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Baba da ƙanenku, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa da ta raba mutane da gonakinsu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma wurin da na fi tsayawa shi ne wurin da wataƙila kai ka rubuta a wuce: maganar makullai da littafin haya. Riƙe wannan da kyau. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, wakafi ba ya tabbata sai mai shi ya cire hannunsa daga dukiyar tun kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karyewar arziki su riske shi. Malamai na kiran wannan hauzi. Gidaje da yawa sun je gaban alƙali da takarda mai kyan rubutu, aka tambaya wa ke karɓar haya har ranar rasuwa, aka ce marigayin ne, nan take wakafin ya rushe ya koma gado. Baba ya san abin da yake yi. Ya miƙa yana da lafiya, ya janye, ya rayu shekara 3. Saboda haka abin da ke hannunka wakafi ne sosai, kuma daga nan duk sauran magana za ta taso.

Lauyan nan ya gaya maka gaskiya. Bari in nuna maka dalili ta hanyar da za ka iya maimaita wa Yaya ba tare da ɗaga murya ba. Ku zauna ku lissafa masu haƙƙi a cikin wakafin, sannan ku lissafa waɗanda za su iya riƙe biro gaban mai unguwa. Marayu huɗu ba za su iya ba. 'Ya'yanku ƙanana ba za su iya ba. Jikokin Baba da ba a haifa ba tukuna, waɗanda takardar ta ƙunsa, ba su ma zo ba balle a tambaye su. Shi kansa mai dukiyar yana kabari. Sa hannunku ku manya yana ɗaure ku ne kaɗai, ba ya ɗaure kowa cikin waɗannan. Tun asalin wakafi haka aka gina shi. Sayyidina Umar ya samu fili a Haibara ya je neman shawarar Manzon Allah (SAW), aka ce masa in ya so ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin; ya yi hakan bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Dukiyar ta fita daga hannun magada ke nan, abin da ya rage musu shi ne amfani. Wanda ba shi da mallaka kuwa ba ya sayarwa, ko mutum nawa suka taru.

Ka hango yadda abin ke ƙarewa. Maraya mai aji uku a firamare yau, nan da shekara 15 saurayi ne mai gemu, ga kwafin takardar kakansa a hannu, ga lauya a gefe. Zai nemi a warware ciniki, mai saye zai nemi kuɗinsa, kuɗin kuwa an daɗe da cinye su. Sunan wa ke kan takarda a matsayin mai kula? Naka. Yaya zai ce shawara ya bayar. Mai unguwa zai ce shi shaida kawai ya yi. Wanda aka ba amana shi ake bi bashi, a nan da can.

To alƙali fa, me ya kawo shi cikin maganar gida? Shi ne bakin waɗanda ba su da baki. Aikinsa a irin wannan zama shi ne ya tsaya a matsayin yaro da wanda ba a haifa ba, ya duba ko sauyin zai amfane su, ya kuma duba ko ya dace da manufar marigayi. Ba mu kaɗai muka ga hikimar haka ba. A Ingila, inda attajirai ke ajiye dukiyar iyali a hannun amintattu, sai da majalisa ta yi doka a 1958 ta ba kotu ikon amincewa da sauya sharuɗɗa a madadin ƙananan yara da waɗanda ba a haifa ba, muddin sauyin zai amfane su. Manya kuwa kowa ya amince da bakinsa. A nan gida, tsarin mulkin 1999 a sashe na 277 ya ambaci wakafi da kyauta da wasiyya da gado cikin al'amuran da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa idan mai dukiyar Musulmi ne. Wato hanyarku a share take: a fara daga kotun shari'a a nan Gusau, wanda bai gamsu ba yana da inda zai ɗaukaka. Kuma ba kowace shiga kotu ce ƙara ba. Akwai wanda ke shiga don ya kayar da ɗan'uwansa, akwai wanda ke shiga ya ce, Allah Ya gafarta Malam, ga amana ta yi mini nauyi, a nuna mini yadda zan yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya cakuɗa maka kai shi ne kun haɗa magana uku a ƙwarya ɗaya kuna kiransu sauya wakafi, alhali ɗaya ce kawai sauyi. Gyaran rufi ba sauyi ba ne. Malaman Malikiyya sun ce da gyara ake farawa daga abin da wakafi ke samarwa kafin a ba kowa komai, har ma sun ce ko mai wakafin ya shar'anta kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗin, domin in gini ya faɗi babu abin da za a raba. Kana da hurumin tara hayar shagunan nan uku na wasu watanni ka sayi kwano da katako. Zai yi ciwo, domin zangon karatu ɗaya ko biyu iyaye za su biya daga aljihu. Shawarata ka ware marayu da na cefanen iyayenku mata, waɗannan kada a taɓa in akwai hali, sauran kowa ya ɗan ji a jikinsa. Na lura ba ka faɗi ko ka taɓa kawo magini ya yi maka lissafin gyaran ba. Kawo biyu, kowa ya rubuta nasa daban. Sau da yawa mutane kan yanke shawarar sayar da gona don maganin abin da ba su taɓa tambayar kuɗinsa ba.

In hayar ba za ta ɗauki aikin ba, akwai wata ƙofa da malamai suka buɗe saboda lalura: a ba wani hayar sashen da ya lalace na shekaru masu yawa, ya biya gaba ɗaya ko ya gyara da kuɗinsa a riƙa cirewa daga haya. A ƙa'ida mai kula ba ya ba da hayar wakafin iyali na dogon lokaci, shi ya sa wannan ma ya fi kyau a yi shi da izinin alƙali, a rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, kada wata rana ɗan haya ya wayi gari yana cewa gidansa ne.

Yanzu gona, inda maganar ta fi nauyi. Baffa bai yi ƙarya ba, kada ka raina shi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai littafin Risala ya ji inda aka ce ba a sayar da hubusi, wato wakafi, ko da ya lalace. Malikiyya sun fi kowa tsanani a kan ƙasa da gini. Abin da suka sassauta a fili shi ne idan za a faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Amma a wurin nan dai littafin ya ce an yi saɓani a kan musanya gidan da ya lalace da wanda bai lalace ba. Hambaliyya sun halatta sayar da wakafin da amfaninsa ya yanke a sayi madadinsa, Hanafiyya kuma sun bar musanya a hannun alƙali. Ayar da Baffa ya jawo, ina kyautata zaton ta 181 ce a Suratul Baƙara, mai cewa wanda ya sauya wasiyya bayan ya ji ta zunubin na kansa. Cikin ladabi ka roƙe shi ya karanta wadda ke bi mata, ta 182, inda aka ɗauke laifi daga wanda ya ji tsoron karkata ya shiga ya yi sulhu. Ƙofa dai akwai ta, amma ƙarama ce, kuma makullinta ba ya hannun 'yan gida.

Ni dai in ka tambaye ni, ban goyi bayan sayar da gonar yanzu ba. Gonarku ba ta mutu ba, hanyarta ce ta toshe. Ƙasar na nan, ba zaizaya ta cinye ta ba, ba gulbi ya tafi da ita ba, kuma alƙali mai lura zai tsaya a kan wannan bambanci. Sannan ka tambayi kanka wane ne ke sayen gonar da mai ita ya kasa zuwa. Wanda ya san farashi ya faɗi ƙasa ne, yana da haƙurin jira. Abin da shi ya hango a gonar, jikokin Baba sun fi shi cancantar su jira shi. In akwai wani amintacce da har yanzu yake zaune a ƙauyen yana noma, a ba shi ya riƙa nomawa ko da buhu biyu zai aiko, ko ma ba komai, don dai iyakoki su tsaya kada maƙwabta su ci kunya-kunya su shigo. Kada ka tura kowa daga gari, kai ma kada ka je auna gona; rai ya fi ƙasa. In kuma ƙauyen ya watse gaba ɗaya, shekaru sun ja, to nan ne za ku iya roƙon musanya: a sayar a sayi wata gona kusa da gari ko a ƙara shago, sabon ya hau matsayin tsohon da sharuɗɗansa duka.

Ka lura da abin da na ce: a sayi wani. Ko alƙali ya yarda da sayarwa, kuɗin wakafi wakafi ne. Rabon da Yaya ke so a yi na sauran kuɗi, wannan ƙofar a rufe take, sai fa in Baba da kansa ya rubuta cewa wanda buƙata ta kama cikin 'ya'yansa yana iya sayarwa, domin Malikiyya sun yarda da irin wannan sharaɗi in mai wakafi ne ya sa shi. A duba takardar. In babu, gara Yaya ya ji wannan daga bakin malami tun yanzu, kafin ya ci bashi da sa ran kuɗin gona.

Maganar ƙannenka mata ita ce na fi so ka ba muhimmanci, domin ita ce za ta iya ɓata zumunci har jikoki. Ita ma ba sauyi ba ce, fassara ce. A fiƙihunmu kalma ɗaya na shigar da 'ya'yan mata, wata na fitar da su. In malamin ya rubuta zurriyya, 'ya'yan 'ya mace na ciki. In ya rubuta aƙibi ko nasli, ko ya ce 'ya'yana da 'ya'yan 'ya'yana, mashahurin zance shi ne ba sa ciki. Amma ga wani abu: Baba da Hausa ya yi magana, malam ne ya mayar Larabci. Bahaushe in ya ce jikokina, ɗan 'yarsa da ke hawa masa wuya yana jan gemu ba ya fita daga ciki. Malamai kuma sun ce ana fahimtar lafazin mai wakafi ne bisa al'adar maganarsa. Saboda haka shaidun nan uku, duk wanda ke raye cikinsu, a je a gaishe shi cikin makon nan, a tambaye shi me ya ji Baba ya faɗa da bakinsa. Tsofaffi ba sa jira. Kai ba ka yi zalunci da gangan ba, maganar malami ka bi, amma kada girman kai ya hana ka cewa ƙannenka: ku zo mu je a karanta mana tare, abin da aka ce naku ne zan ba ku. Kuma ko yaya fassarar ta kaya, su kansu 'ya'yan Baba ne. Wadda ke son komawa karatu, ko kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Gusau ko Islamiyyar matan aure, tana da haƙƙi a kuɗin nan kamar kowane namiji. Ka taɓa gaya musu haka?

Shi kuma Yaya, ina jin ba kotu ce ke ci masa rai ba. Mutum ne da mahaifinsa ya tsallake shi ya ba ƙanensa makulli, shekara 14 yana haɗiye wannan, ga matsin rayuwa. In sammaci ya same shi a shago gaban mutane, a wurinsa an tsallake shi karo na biyu ke nan. Don haka kada takarda ta riga ka isa. Je gidansa da kanka bayan sallar isha'i, ka ɗauki littafin haya, ka buɗe masa shafi-shafi: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Mai riƙon amana da ba ya nuna lissafi, ko waliyyi ne sai an zarge shi. Sannan ka ce masa, Yaya, ba ƙararka zan kai ba, so nake ka shige gaba mu je tare, kai ne babba, sunanka ne farko a takardar roƙo. Ka sa Baffa a tsakiya, tunda shi ke tsoron zunubi, zuwa gaban alƙali shi ne maganin tsoronsa. Iyayenku mata biyu kuma kada a yi komai a bayan idonsu. Su ne suka fi kowa dogaro da gidan nan, su ne kuma ba za su buɗe baki a taron maza ba; ka same su ɗaya-ɗaya a ɗakunansu.

Kafin ranar zama, ka tanadi kayanka. Asalin takardar a ɓoye ta wuri mai kyau, a yi kwafi da yawa, a samu malami masanin fiƙihu wanda ba shi da dangantaka da gidanku ya fassara ta a rubuce. Ka leƙa Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha ka nemi shawararsu, aikinsu ne kullum. A ɗauki hotunan rufin da ya zauna, a haɗa da lissafin magina, da sunayen duk masu haƙƙi da shekarunsu, har jariri. Marayu su samu mai tsaya musu wanda ba shi da riba a sayarwa. Mahaifiyarsu ko kawunsu ya fi kai ko Yaya dacewa. In maganar sayarwa ta taso, mutum biyu masana farashin ƙasa su kimanta, ban da dillalin da ya kawo mai saye, domin shi la'adarsa yake hange. Ka nemi lauyan da ya saba da kotun shari'a, ka kuma tuna cewa izinin alƙali bai ɗauke dokar filaye ta 1978 ba: fili mai takardar mallaka ta gwamna ba a sauya masa hannu sai da amincewar gwamna, na karkara kuma sai an bi ta ƙaramar hukuma. Duk abin da aka yanke, ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, a rubuta a ciki inda kuɗi za su zauna da wanda zai sa hannu kafin a cire. Asusun banki na wakafin shi kaɗai, da sa hannun mutum biyu, zai raba ka da yawan zargi.

In Yaya ya ƙi duk da haka, ka yi gyaran rufin, wannan huruminka ne. Gona ka bar ta yadda take, kada ka sa hannu a kowace takardar ciniki. Maganar 'ya'yan mata kuwa ka kai ta neman fassara ko kai kaɗai ne, bayan ka sanar da kowa a rubuce. In kuma ka ji kayan sun fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne ka roƙi alƙali ya haɗa ka da mataimaki, har ma Yayan kansa in ya sauko. Wani abu kuma da ba ka tambaya ba: a hadisin Sayyidina Umar an yarda mai kula ya ci daga wakafi gwargwadon abin da aka saba. In shekara 14 kana zuba man babur da kuɗin mai gyaran famfo daga aljihunka, ka rubuta su, ka roƙi a yanka maka abin da ya dace a fili.

Gobe in Allah Ya kai mu, fara da shaidun. Sayi goro ka je wurin wanda ya fi tsufa cikinsu, ka tafi da ɗaya daga ƙannenka mata da ɗan Yaya babba, kowa ya ji da kunnensa. In ka samu fassarar takardar, ka sake rubuto mini ka gaya mini kalmar da malam ya yi amfani da ita a wurin jikoki.